Rijiya Ta Bayar, Guga Ya Hana

Jama'a, ga wata tambaya da nake so mu amsa tsakaninmu da Allah: wane ne mai Kogin Kaduna? Abin da ya sa na yi ta, mu mutanen Unguwar Sarki maƙwabtan kogin nan ne. Wanda ya tashi daga Masallacin Sultan Bello ya nufi gabas, kafin ya gaji ya isa bakinsa. Amma sau da yawa, da asuba, sai ka ga yara da bokiti suna bin gidajen masu rijiyar burtsatse, 'yan ga-ruwa kuwa suna tura kura cike da jarkoki. Ashe a garin da Turawa suka mai da hedkwatar Arewa a 1917, har da kwaɗayin ruwansa, sai mutum ya sayi ruwan alwala?

Ruwa dai Allah ya bayar. Kogin ya taso daga tsaunukan Jos, ya yi tafiyar wajen kilomita 550, kana ya faɗa Kwara a ƙasar Nufe. Ga madatsar Kangimi da aka gina don ta riƙa ƙara wa garin nan ruwa da rani, ga gidan tace ruwa a Malali. A gaba, madatsar Shiroro tana ba da wutar lantarki tun 1990. Daga madatsar Gurara kuwa, cikin Jihar Kaduna, ake jan ruwa ta bututu zuwa Abuja. To, ina guga ya maƙale?

Ni a ganina iyayengijin ruwan ne suka yi yawa, ba a kuwa nuna wa talaka ƙofar da zai buga ba. Bari in ƙidaya muku su. Dokar ruwa ta 1993 ta danƙa wa Gwamnatin Tarayya duk ruwan da ya shafi jiha fiye da ɗaya. Tun 1976 aka kafa hukumomin raya koguna, wadda ke kula da yankinmu kuwa a Minna take. Dokar ƙasa ta 1978 ta sa filaye a hannun Gwamna, watau ruwan na wani ne, gaɓar ta wani ce. Famfon cikin gari na kamfanin ruwa na jiha ne. Kwatoci da shara, ƙaramar hukuma tana da hannu a ciki. Bisa waɗannan duka ga hukumar ƙasashe 9 masu tarayya cikin Kwara, mai zama a Yamai tun 1964.

Ni akawu ne, rubuta takarda shi ne abincina. Wata shekara bututu ya fashe a bakin layinmu, ruwa mai tsabta ya yi ta kwarara cikin kwata, gidaje kuwa ba ko ɗigo. Dattawa suka ce, "Malam, kai ne mai alƙalami, rubuta." Na rubuta, na kai wani ofis, aka ce sai an fasa titi, titin kuwa ba nasu ba ne. Na je wurin masu titi, suka ce ba su taɓa bututu. Kowa ya karɓe ni da fara'a, kowa kuma gaskiya ya faɗa bisa dokarsa. Wannan shi ne abin tsoro: a ce kowa ya kuɓuta daga laifi, jama'a kuwa suna kwana da ƙishirwa.

Waɗansu sun ce magani shi ne a tattara kome a hannun Gwamnatin Tarayya. An sha kai shirin doka mai kama da haka majalisa, a 2018 da 2020 da 2022, rigima ta hana shi wucewa. Ni ban yarda da su ba, gama mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Waɗansu kuma sun ce a bar wa kowace jiha ruwanta. Su ma sun yi kuskure, domin kogi bai san iyaka ba. Dattin da muka zuba a nan, masuncin ƙasar Nufe ne zai sha shi. Ambaliyar 2003 da ta ci gidajen bakin kogi a garin nan ba ta tambayi kowa takardar izini ba.

A zamanin En'e, kafin a soke ta a 1976, famfo kaɗan ne, zalunci ma ba a rasa ba. Amma talaka ya san tsaninsa: mai unguwa, dagaci, hakimi, har zuwa Sarki. A bakin kogi akwai Sarkin Ruwa, a fadama akwai Sarkin Rafi, mutane ne masu suna da gida. Ba cewa nake a koma baya ba. Cewa nake a rubuta aikin kowace hukuma da Hausa, a manna a ƙofar mai unguwa. A sa ofis guda ya karɓi kowane kuka na ruwa, shi zai bi sauran, ba mai bokiti ba. In za a zauna rabon ruwan kogi, a ba masu unguwanni da manoman rani kujera.

Mu ma fa da namu. Kowa yana haƙa burtsatse kusa da shaddar maƙwabcinsa ba shawara, alhali ruwan ƙarƙashin ƙasa ma na tarayya ne. Muna toshe kwata da shara, muna gini a kan hanyar ruwa, sa'an nan mu ce an ƙi mu.

Ku da kuka fita daga ajin yaƙi da jahilci, ga ranar karatunku ta zo. In famfo ya ƙafe, ku haɗu ku rubuta, ku sa kwanan wata, ku ajiye kwafi, ku nemi sunan wanda ya karɓa. In an yi shiru ku sake. Magana ta baka iska ce, amma takarda shaida ce, mu akawuna mun san nauyinta. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Allah ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, mu kuma ya ba mu ikon tuna musu. Amin.