Takardun 'Yan Boma Suna Hannun Gara

Wanda ya san Zariya ya san barikin Chindit, ɗan Kaduna kuma ya san Kalapanzin da Dalet. Amma tambayi mai sayar da rake a bakin ƙofar barikin daga ina sunan ya fito, sai ya ce maka Allah masani. Sunaye ne daga yaƙin Boma, ƙasar da ake kira Myanmar a yau, inda Turawan Ingila suka kai samarinmu yaƙi da Japan tsakanin 1943 da 1945, cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Kogunan Boma sun samu allo a garuruwanmu. Mutanen da suka tsallaka su da kaya a ka, su wa ya riƙe sunansu?

Kwanakin baya wani maƙwabcina ya buɗe adakar kakarsa bayan rasuwarta. A can ƙasa, ƙarƙashin zannuwa, ya tarar da takardar sallamar kakansa daga soja, gara ta cinye gefe guda. Akwai lambarsa, da bataliyarsa, da ranar da aka ɗauke shi. Wurin suna kuwa, sunan yanka ne kawai aka liƙa masa sunan gari. Haka akawun bariki yake yi: wane Kano, wane Sakkwato, wane Katsina, ba ruwansa da sunan uba. Ka ga ke nan a bataliya ɗaya za a iya samun masu suna iri ɗaya rututu, lambar nan ce kaɗai ke raba su. Idan gara ta kai ga lambar, mutumin ya ɓace ke nan, ko da sunansa yana jikin bangon tunawa na maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon, inda aka zana sunayen waɗanda ba a san kabarinsu ba.

Mun iya ɗora wa Bature laifi, kuma yana da nasa. A 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta Commonwealth ta amsa da bakinta cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a Yaƙin Duniya na Farko, akasarinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunansu a ko'ina ba, har ministan tsaron Ingila ya nemi gafara a majalisa. To, mu fa? Kowace 15 ga Janairu, ranar tunawa da sojoji, ana ajiye furanni, a saki tattabaru, a watse. A cikin tsoffin sojojin, Chari Maigumeri ya ci sa'a, bariki a Lokoja na ɗauke da sunansa. Sauran dubban sai a bakin tsofaffi, tsofaffin kuma suna ta tafiya.

Aikin bai fi ƙarfinmu ba. Gidan Arewa da reshen Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa duk suna Kaduna, ƙungiyar tsoffin sojoji kuma tana da rassa a jihohi. Su haɗa kai su yi shela a rediyo, a kawo takardu da lambobin yabo a ɗauki hotonsu, a rubuta sunan uba da na ƙauye daga bakin iyali, sannan a mayar wa kowa abinsa.

Kafin su motsa, mai karatu, in kakanka ya je Boma, buɗe adakar nan yau. Ɗauki hoton kowane shafi da wayarka, ka fara da lambar.