Jinjiri Ba Ya Jiran Alama

Binciken da aka gudanar a faɗin Nijeriya a shekarar 2018 ya nuna cewa Jigawa tana cikin jihohin da cutar ƙanjamau ta fi ƙaranci, kimanin mutum 3 cikin baligai 1,000, kuma lalle wannan ni'ima ce da ta cancanci hamdala. Sai dai ƙarancin abu yakan gadar da gafala, wanda kuwa gafalar ta fi cutarwa shi ne jinjirin da aka haifa a ɗaka, a wani ƙauyen Birniwa, ga uwar da ke ɗauke da cutar amma ba ta taɓa zuwa awo ba.

Dalili shi ne, Allah cikin hikimarsa ya sanya wa jini dakaru, waɗansu da likitoci ke kira CD4 su ne masu ba da umarni, waɗansu kuma, CD8, su ne masu hallaka duk ƙwayar jikin da cuta ta shiga. Ita kuwa wannan cuta masu umarnin take fara kamawa. Baligi yakan yi shekara takwas ko goma dakarunsa suna danne ta, amma na jinjiri ba su riga sun ƙosa ba, saboda haka ƙwayar cutar takan yi ta hayayyafa ba mai tsawata mata, har ya zama, in ba a ba da magani ba, kusan rabin irin waɗannan yara a Afirka ba su cika shekara biyu.

Gaskiya ne a 2016 Farfesa Philip Goulder na Jami'ar Oxford da abokansa sun bayyana waɗansu yara a Afirka ta Kudu, kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na yaran da ke ɗauke da cutar, waɗanda suka girma lafiya lau alhali jininsu cike yake da ƙwayar, kuma abin mamaki, natsuwar garkuwar jikinsu ce ta tsare su, domin ba ta tayar da hankali har ta cinye kanta. Amma ranar suna babu wanda ya san wane ɗa ne aka yi wa wannan baiwa, kuma dogara gare ta sakaci ne da aka yi wa laƙabin tawakkali. A Afirka ta Kudun dai, a 2008, aka tabbatar cewa fara magani tun cikin makonnin farko yana rage mutuwar jarirai da kashi 76 cikin ɗari.

Gwajin da aka saba yi wa manya yana iya ruɗarwa ga jinjiri har wata 18, domin garkuwar uwa yake gani. Wanda ya dace shi ne na ɗigon jinin diddige a kan takarda, a mako na shida, wato daidai lokacin da mai jego ke gama arba'in. Ra'ayina shi ne ungozomomi da limamai da dagatai su haɗa waɗannan biyu, a riƙa kai jinjiri asibiti ranar arba'in cikin sutura, hukuma kuma ta ba iyaye maganin watanni tun kafin damina, gama ambaliyar 2022 ta nuna yadda Kogin Haɗeja ke raba ƙauye da asibiti.