Cafke Gindin Roka: Hikima Ce Ko Ganganci?

Zancen kimiyya na wannan mako a kan gindin roka yake, watau kashin nan na ƙasa mai ɗauke da manyan injuna da yawancin mai. A da, galibi da ya gama tura kumbo sama sai a sake shi ya faɗa teku, ya tafi ke nan. A watan Disamba na 1915 da za a ce wannan abu zai komo gida da kansa, da an yi dariya. Shekara ɗari bayan haka, a Disamba na 2015, kamfanin SpaceX na Amurka ya sauko da gindin rokarsa Falcon 9 a tsaye a jihar Fulorida, a 2017 kuma ya sake harba wani wanda ya riga ya je ya komo.

To, ƙaƙa ake bi da shi? Bayan kamar minti biyu da rabi da tashi, sai gindin ya rabu da kumbon. Can sama babu iskar da fiffike zai kama, saboda haka waɗansu ƙananan kafofi ne ke fesa iskar naitirojin su juya shi. Da ya sauko inda iska ta yi kauri, sai aiki ya koma ga fukafukai huɗu na ƙarfe da ke wuyansa, masu ramuka kamar rariya. Iska na ratsa ramukan, kwamfuta na karkata su, gindin na bin inda aka nufa. Injin ma yana karkata nan da can, kamar yadda yaro ke motsa tafinsa in ya tsai da sanda a kai.

Mafi wuya duka shi ne saukar. Inji ɗaya tak cikin taran, ko an rage wutarsa iyakar ragewa, ƙarfinsa ya fi nauyin gindin da mansa ya kusa ƙarewa. Don haka ba shi da ikon tsayawa cak a iska. Tilas gudunsa ya ƙare daidai sa'ad da ƙafafunsa huɗu suka taɓa ƙasa. In an kunna wuta da wuri ya koma sama, in an makara ya tarwatse.

Ran 13 ga Oktoba, 2024, aka zo da sabon salo a Boca Chica ta jihar Teksas. Gindin babbar rokar Starship, mai tsawon ƙafa 230 da 'yan kai da inji 33, ya komo wurin da ya tashi bayan kamar minti bakwai. Shi ba shi da ƙafafu ko kaɗan. Hannuwa biyu na ƙarfe da ke jikin wata hasumiya suka rufo, ya rataya a kansu.

Lalle dalilin masu wannan dabara yana da ƙarfi. Ƙafafu kaya ne masu nauyi, abin da suka ci kuwa daga rabon kayan da za a kai sama aka rage shi. Amma a lura da abin da aka yi: an ɗauke haɗarin daga jikin roka an aza shi a kan ƙasa. Falcon 9 in ta kuskure jirgin ruwan da take sauka a kai, can tsakiyar teku ne. Wannan kuwa in ya kuskure, hasumiyar da ake harbi daga gare ta ita za ta sha, ga tankunan mai kusa, ga gandun tsuntsaye da namun daji kewaye da wurin.

Saboda haka ranar da ta fi cancantar yabo ita ce 19 ga Nuwamba, 2024, ran da aka fasa cafkewa. Tun farko an tsara tafiyar ta yadda gindin teku zai nufa, sai fa in shugaban harbi ya ba da izini, na'urori kuma suka shaida kome lafiya. Ran nan binciken hasumiyar ya nuna matsala, aka bar gindin ya sauka a Tekun Meziko, alhali manyan baƙi na kallo. An yi hasarar roka, hasumiya ta tsira, aka kuma cafke wani da ita a Janairu na 2025.

Muddin wannan ƙa'ida na nan, cafkewa hikima ce. Abin tsoro shi ne ran da harbi ya yawaita, 'yan kasuwa na jiran a kai musu taurarinsu, kowace roka da aka bari ta faɗa ruwa kuma ana lissafa kuɗinta. A sa'an nan ya kamata hukumar jiragen sama ta Amurka, wadda ke ba da lasisin harbi, ta tsaya kai da fata kada a sassauta ko da sharaɗi ɗaya na komowa hasumiya.