Zauren Iyali: Shirwa da 'Yan Tsakinmu

Da zarar kaka ta kama a Gadarif, an fara yankan riɗi da girbin dawa, tsaba ta wadata a tsakar gida, sai kaji su yi ta ƙyanƙyasa. A daidai lokacin ne kuma kukan iyayenmu mata ke yawaita: kaza ta fito da tsaki goma, kafin wata ya zagayo saura uku. Aka ce kaza mai 'ya'ya ita ke gudun shirwa. Abin tambaya shi ne, nawa ne daga cikin wannan hasara ke wuyan shirwa da shaho, nawa ne kuma ke wuyanmu?

Kada a ɗauki zancen ƙarami. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilu na 2023, musamman bayan da mutanen Wad Madani suka kwararo gabas a watan Disamba na wannan shekarar, gidaje da dama sun ɗauki baƙi, tukunya ta ƙara girma, aljihu ya ƙanƙance. A irin wannan hali kaza ita ce asusun uwargida: ƙwanta abincin yara, kuɗinta maganin zazzaɓi ko littafin makaranta, namanta kuma fitar kunya ranar da baƙo ya sauka.

Shirwa, wadda Larabawa ke kira hid'a, fikafikanta ne ke da faɗi, amma nauyin jikinta da wuya ya kai kilo 1. Saboda haka ba ta iya tashi da babbar kaza ko zakara. Abin da take sura shi ne ɗan tsako, tun daga ranar da ya fito daga ƙwai bayan kwana 21 na kwanci har ya yi kamar mako 6 zuwa 8. Mafi yawan abincinta mushe ne da tarkacen mahauta da fara da ɓeraye, shi ya sa take shawagi a kan juji da kasuwar nama. Wasu suna nan tare da mu, wasu kuma suna zuwa daga Turai da Asiya idan sanyi ya kama can, sai yawansu ya ƙaru daidai lokacin da tsakinmu ke ƙanana. Shaho ya fi ta sauri da ƙarfin farce, yana iya kashe tantabara ko matashiyar kaza, sai dai bai kai shirwa yawa a cikin gari ba.

Dukansu biyu da rana suke farauta. Duk abin da ya ɓace cikin dare, a nemi muzuru ko ɓera ko maciji ko kare. Idan kuwa aka wayi gari kaji suna gyangyaɗi, suna zawo kore, wuya yana murɗewa, suna mutuwa bi da bi, to wannan cutar Niyukasil ce, wadda aka fara ganewa a 1926 a tsibirin Jawa da kuma garin Niyukasil na Ingila. Ita ce ke share akurki cikin 'yan kwanaki, babba da ƙarami. Ba ta da magani, amma tana da rigakafi. Akwai nau'in da ake kira I-2, wanda aka samar a Jami'ar Kwinslan ta Ostireliya, mai jure zafi fiye da sauran, ana ɗiga shi a idon kaza duk bayan wata 4. A tuntuɓi likitan dabbobi tun garke yana lafiya.

Addininmu bai manta da shirwa ba. Imam Malik a cikin Muwaɗɗa, haka Buhari da Muslim, sun ruwaito cewa tana cikin halittu biyar masu cutarwa da babu laifi ga mai harami ya kashe, tare da hankaka da kunama da ɓera da kare mai cizo. Wannan izini ne na kawar da cuta. Bai buɗe ƙofar abin da wasu ke yi ba, na barbaɗa maganin ƙwari a kan nama su ajiye bisa katanga. Wannan naman ba ya zaɓen mai ci: ungulu da kyanwa da kajin maƙwabci duk suna iya faɗawa, ga kuma yara masu rarrafe a tsakar gida.

Akwai wani darasin a cikin Sahihul Buhari, daga Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda. Wata baiwa ce aka tuhuma da satar jan ɗamara na fata na wata yarinya, aka caje ta, aka wulaƙanta ta, alhali shirwa ce ta sure shi tana zaton nama ne. Suna tsaye sai ga shirwar ta dawo ta jefo shi a tsakaninsu. Sau nawa zumunci ya yi tsami a unguwanninmu domin ɗan tsako ya ɓace an ɗora wa yaron maƙwabta ko almajiri? Kafin mu nuna ɗan mutum da yatsa, mu fara ɗaga kai mu dubi sama.

Hanyar kariya kuwa ba ta da tsada. A tsare kaza da 'ya'yanta ƙarƙashin babban kwando ko cikin akurki mai rufi har tsaki su yi mako 6, ana ba su tsakin dawa da dusa da ruwa mai tsabta, ana gusar da kwandon kullum zuwa busasshen wuri. Wanda ke da tsohon gidan sauro ko raga, ya shimfiɗa a saman wurin da suke kiwo. A kafa 'yar gajeriyar rumfa ta karan dawa, ko a tara ƙayar magarya a kusurwa, domin shirwa tana bukatar fili kafin ta kawo sura, tsako kuma yana bukatar mafaka kusa idan uwarsa ta yi kukan gargaɗi. Idan an yi yanka, ranar suna ko ranar Layya, a binne hanji da tarkace, kada a watsa bayan gida, domin wanda ya saba wa shirwa da kalaci a ƙofarsa shi ya gayyato ta. Da magariba a rufe akurki, a toshe ramukan da tsagewar baƙar ƙasar nan tamu ke buɗewa da rani.

Wannan aiki ne da za a iya danƙa wa yara, su koyi amana da tausayin dabba tun suna ƙanana. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah, kamar yadda Tirmizi ya ruwaito. Mu ma mu kife kwando, mu yi rigakafi, sannan mu bar wa Allah sauran.

Allah ya albarkaci abin da muke kiwo, ya zaunar da Sudan lafiya, ya mayar da kowa gidansa cikin aminci. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya yarda.