Kira ga Ma'aikatar Kimiyya da Hukumar NASRDA: A Kafa Mana Na'urar Hangen Taurari Mai Sarrafa Kanta

Mai Girma Minista, tare da shugabannin hukumar NASRDA da asusun TETFund,

Sama ba a tsaye take ba. Akwai taurarin da haskensu ke raguwa ya dawo, akwai waɗanda ke fashewa a dare ɗaya su dushe cikin 'yan makonni. Mai son nazarin irin waɗannan ba zai jira gari ya waye ya nemi izini ba. Shi ya sa ƙasashe ke kafa na'urar hangen nesa mai sarrafa kanta: da almuru ta auna iska da gajimare, ta buɗe rufinta, ta bi jerin taurarin da aka ba ta, in an aiko da labarin wata fashewa ta bar abin da take yi ta juya can, da asuba ta rufe, hotuna su isa kwamfutar ɗalibi a Zariya ko Nsukka.

Ba sai ƙatuwa ba. Ranar 17 ga Agusta, 2017, da aka ji girgizar karon wasu matattun taurari biyu, na'urar Swope da ke Chile, mai madubi mita ɗaya kacal, ita ce ta fara gano haskensu bayan kimanin awa goma sha ɗaya. Na'urar TRAPPIST ta La Silla kuwa madubinta santimita 60 ne, daga birnin Liège na Beljiyam ake ba ta aiki, amma da ita aka fara gano duniyoyin da ke zagaya tauraron TRAPPIST-1. A 2016 Jami'ar Cadi Ayyad ta Marrakesh ta haɗa hannu da Liège suka kafa 'yar'uwarta a Oukaimeden, kan duwatsun Atlas na Maroko. Abin da Maroko ta iya bai fi ƙarfin ƙasarmu da ta mallaki tauraron ɗan'adam tun 2003 ba. Ga shi kuma cibiyar Vera Rubin ta Chile, wadda ta fitar da hotunanta na farko a 2025, za ta riƙa aiko da miliyoyin sanarwar canjin haske kowane dare, kuma ƙananan na'urori ne za su bi sawunsu.

Na san cikas ɗinmu: gajimaren damina, da ƙurar hunturu da iska ke kwasowa daga Bodele ta Chadi har rana ta koma kamar faifai. Don haka roƙona na farko, kafin a sayi komai, a kai ƙananan na'urorin auna sama wurare masu tudu irin su Jos da Mambila, su shekara biyu suna ƙirga darare masu tsabta. Inda awo ya nuna, nan za a kafa, ko da ba mazaɓar kowa ba ce.

Roƙo na biyu shi ne ya fi damuna. Sayen doki ba wuya, ciyar da shi ne aiki. Na'ura mai sarrafa kanta ba ta wanke madubinta, ba ta canja batirin sola, ba ta biyan kuɗin intanet. Injin rufi ya cije a daren hadari, ruwa ya sauka kan kyamara, shi ke nan an yi asarar shekara. Ana buƙatar injiniyoyi biyu ko uku masu albashin da zai riƙe su, da kayan gyara a ajiye, da mai kula da manhaja. A rubuta kuɗin gudanarwa na shekara goma tun ranar da za a amince da sayen, a damƙa kula da ita ga cibiyar NASRDA ta Nsukka tare da jami'o'i, a ware wa ɗalibai wani kaso na dararen.

Muna roƙon a sanya kuɗin awon wuraren a kasafin baɗi. Allah ya yi muku jagora.