Tikitin jirgin ruwa ba biza ba ne

Duk mai leƙa TikTok ko Facebook ya ci karo da hotunan nan: ƙaton jirgin ruwa mai benaye fiye da goma, da wurin ninƙaya a samansa, da gidajen cin abinci birjik, ana ce maka cikin mako ɗaya za ka ga ƙasa huɗu ba tare da ka sake ɗaure kayanka ba. Ƴan uwanmu mazauna Faransa da Beljiyam da Italiya da Amurka sun fara shiga wannan yawo, wasu ma na tunanin ɗauko iyayensu daga Maraɗi ko Damagaram su zo su sha iskar teku. Ba su kaɗai ba ne. Ƙungiyar kamfanonin jiragen yawon shaƙatawa ta duniya, CLIA, ta ƙirga fasinja miliyan 31.7 a shekarar 2023, adadin kuma ya haura miliyan 34 a 2024.

Abin da tallar ba ta faɗa da babbar murya shi ne maganar biza. A idon fasinja, jirgin otal ne mai tafiya. A idon hukuma kuwa, duk tashar da ya tsaya iyakar ƙasa ce, kuma kowace iyaka da tata doka. Bature mai fasfon Faransa ko Jamus zai iya gama tafiyar bai ma san da wannan ba. Mai fasfon Nijar, idan bai sani ba, a bakin ruwa zai sani, bayan kuɗinsa sun riga sun tafi.

Bari mu ɗauki hanyar da jiragen suka saba bi a tekun Bahar Rum: a tashi daga Barselona, a tsaya Marsey, a wuce Jenowa, a gangara Palermo, a tsallaka Tunis, a koma Barselona. Sifaniya da Faransa da Italiya duk suna cikin yankin Shengen mai ƙasashe 29, saboda haka biza ɗaya ta ishe su. Sai dai bizar iri-iri ce. Akwai ta shiga sau ɗaya, akwai ta shiga sau biyu, akwai wadda ke ba ka damar shiga da fita sau da yawa. Wanda aka ba ta shiga sau ɗaya ya cinye ta tun ranar da jirgin sama ya sauke shi a Turai. Da zarar jirgin ruwa ya bar Palermo ya nufi Tunis, ya fita daga Shengen, bizar ta mutu ko da saura mata wata guda a rubuce. Dawowa Barselona sabuwar shiga ce, kuma ba shi da izininta.

Abin haushin a nan shi ne, Tunisiya na cikin ƙasashen da ɗan Nijar ya saba shiga ba tare da biza ba, haka ma Maroko. Wato tasha ɗaya tilo da ba ta neman komai a wurinsa ita ce take kashe masa tafiyar gaba ɗaya. Haka abin yake ga jiragen tsibiran Girka da ke leƙa Istanbul ko Kusadasi a Turkiyya, da na tsibiran Kanari da ke tsayawa Kazablanka ko Agadir, da waɗanda ke shiga Kotor a Montenegiro.

Kuma ba a Tunis za a tare shi ba. Tun a Barselona, wurin tantance fasinjoji, ma'aikaciyar kamfani za ta buɗe fasfon, ta ga lamba 1 a gurbin adadin shiga, ta ce ba zai hau ba. Sharuɗɗan manyan kamfanonin duk sun yi kama da juna a kan wannan: neman takardun tafiya alhakin fasinja ne, wanda aka hana hawa saboda rashin takardu ba a mayar masa da kuɗinsa. Mutane da yawa na ɗauka za su iya cewa to ni ba zan sauka ba, zan zauna a ɗakina har jirgi ya tashi. Wannan magana ba kasafai take ci ba, domin jirgin da ya shiga tashar wata ƙasa ya shiga ƙasar da duk wanda ke cikinsa. Mazauna Amurka sun fi kowa sanin haka. Wata dokar Amurka ta 1886 ce ke sa jiragen da ke ɗauke da tutar wata ƙasa su tsaya a tashar waje, shi ya sa jirgin da ya tashi daga Siyatil zuwa Alaska ke ratsawa ta Kanada, wani lokaci na ƴan sa'o'i da daddare. Mai katin zama na dindindin a Amurka ba ya buƙatar bizar Kanada. Ɗalibi ko baƙo mai fasfon Nijar kuwa sai da ita, ko da ƙafarsa ba za ta taɓa ƙasa ba.

Kamfanonin ba don ƙeta kawai suke wannan tsanani ba. Dokokin Tarayyar Turai sun ɗora wa mai jigila nauyin mayar da duk wanda ya kawo ba da cikakkun takardu ba, ga kuma tarar da ke kai wa yuro 3,000 zuwa 5,000 a kan mutum ɗaya. Kamfanin da ya san haka gara ya bar ka tsaye da jakarka a tasha. Asarar taka ce kai kaɗai, ɗakin da ka biya kuma ya tafi babu kowa.

Ƴan uwa da ke zaune a Turai da katin zama su ma kada su saki jiki. Katin zama na Faransa ko Beljiyam ko Italiya, haɗe da fasfo, yana ba ka damar yawo a sauran ƙasashen Shengen har kwana 90 cikin kowane kwana 180, kuma za ka iya fita ka dawo. Amma ba ya aiki a Birtaniya, ba ya aiki a Ailan. Jirgin da zai tsaya Sawthamton na yini ɗaya na buƙatar bizar Birtaniya daga wurinka. Akwai kuma takardar wucin gadi da ake kira récépissé a Faransa. Idan ta sabunta kati ce, ana iya tafiya da ita tare da tsohon katin. Idan ta neman farko ce, ba ta ba ka ikon fita ka dawo. Wanda ke riƙe da ita ya hau jirgin da zai taɓa Tunis ya sa zamansa na Faransa kansa cikin garari saboda hutun mako ɗaya. Gidajen da mata da yara ke da fasfon Turai, maigida kuma na Nijar, su ne suka fi faɗawa tarko, don mai sayar da tikiti kan duba fasfo ɗaya ya ce babu matsala.

Wanda zai taso daga Yamai ko Tawa kuwa, nasa aikin ya fi yawa. Kuɗin bizar Shengen ya koma yuro 90 tun watan Yunin 2024, wato kusan jika 59 na sefa, kuma ba a mayarwa idan aka hana. Dole a nuna inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000. Dole fasfo ya kasance da sauran wata uku bayan ranar fita, ko da yake kamfanonin jiragen wata shida suka fi nema. Doka ta ce a nemi biza a ofishin jakadancin ƙasar da za a fi daɗewa, in kuwa kwanakin daidai suke, ƙasar da za a fara shiga. Ga wanda zai kwana a teku yana yini ɗaya a kowace ƙasa, ko gano ƙofar da zai ƙwanƙwasa aiki ne. Ga shi kuma ofishin jakadancin Faransa a Yamai a rufe yake tun farkon 2024.

Inda abin ya fi ɗaure kai shi ne jerin biyan kuɗin. Ofishin jakadanci na so ya ga shaidar ka kama wuri a jirgi kafin ya duba takardunka. Kamfani na so ka cika kuɗin makonni kafin tafiya, kuma duk yadda ranar ke matsowa haka abin da za a yanke maka in ka fasa ke ƙaruwa, har ya kai ga duka. Amsar biza kan ɗauki kwana 15, tana iya kai wa 45. A 2024 an ƙi kusan kashi 46 cikin ɗari na buƙatun bizar Shengen da aka shigar daga maƙwabciyarmu Najeriya, Senegal da Gana ma kusan haka. Wato mutum ya zuba miliyan ko fiye a kan abin da ya yi kama da caca.

A ganina wannan tsari ya wuce gona da iri, kuma hujjata ita ce wasu ƙasashe sun nuna akwai wata hanya. Dokar Turkiyya ta ba da damar a bar baƙon da ya zo ta tashar ruwa ya zaga birnin da kewayensa har sa'o'i 72 ba tare da biza ba. Meziko na barin fasinjan jirgin yawo na kowace ƙasa ya sauka a tashoshinta ba biza. Ƙasar Sin, wadda ba a san ta da sakaci a kan iyaka ba, tun watan Mayun 2024 take barin ayarin masu yawon buɗe ido da suka zo a irin wannan jirgi su shiga har kwana 15. Sun fahimci cewa mutumin da zai sauka da safe ya sayi tsaraba ya koma jirgi da la'asar ba ɗaya yake da mai neman zama ba.

Za a ce ai wasu za su sauka su sulale. Gaskiya ne ana samun masu yin haka, ba zan musa ba. Amma babu matafiyin da ake sa wa ido kamar fasinjan jirgin ruwa. Kyaftin na aika wa hukumar iyaka jerin sunayen mutanensa tun kafin ya iso, kowane fasinja na da katin da na'ura ke karantawa a fita da shiga, kafin jirgi ya ɗaga an san wanda bai dawo ba. Ko da Turai ba ta shirya yafe biza ba, kuma ban ga alamar haka nan kusa ba, akwai ƙaramin mataki da ba zai rage ta da komai ba: duk wanda aka yarda a ba shi biza a kan tikitin jirgin ruwa, a ba shi ta shiga sau da yawa. Jami'in da ya ga Tunis a jadawalin tafiya sannan ya buga biza ta shiga sau ɗaya ya karɓi kuɗin mutum ne ya ba shi takardar da ba za ta yi masa aiki ba.

Matasa biyu nake so su ji wannan da kyau. Na farko shi ne wanda aka ce masa jirgin yawo ɓarauniyar hanya ce ta shiga Turai ko Amurka. Babu wannan hanya, tun a tashar farko ake duba bizar ƙasashen da ke gaba, kuma duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya shigar da kai, kuɗin kawai yake so. Na biyu shi ne mai bin tallar aiki a jirgin ruwa da ke yawo a WhatsApp. Aikin akwai shi, amma yarjejeniyar ƙwadago ta ma'aikatan teku ta 2006 ta hana a karɓi kuɗin ɗaukar aiki daga ma'aikaci, ta kuma ce mai jirgi ne ke biyan kuɗin biza. Wanda ya ce ka turo jika 300 na biza kafin a turo maka kwangila ya riga ya gaya maka ko shi wane ne.

Mu ma nan Afirka ba mu fita laifi ba. Jiragen yawo na tsayawa Dakar da Banjul da Lome da Kotonu, kuma a tashoshi da dama kamfani ne ke shirya wa Turawan da ke ciki izinin sauka tun suna cikin jirgi, a zuba kuɗin a lissafin ɗakinsu. Ɗan Nijar da ke son hawa jirgin da ke tashi daga Durban zuwa gaɓar Mozambik kuwa sai ya fara neman bizar Afirka ta Kudu, da irin tarkon fita da dawowa da muka gani a Barselona. A 2018 Tarayyar Afirka ta amince da yarjejeniyar zirga-zirgar mutane ba shinge, wadda ke buƙatar ƙasa 15 su tabbatar da ita kafin ta fara aiki. Zuwa ƙarshen 2024 ƙasa huɗu kacal suka yi: Ruwanda, Nijar, Mali da Sawo Tome. Ƙasar da ba ta da teku ta sa hannu, masu tashoshin ruwa na ta jan ƙafa.

Kafin a gyara wannan duka, mai niyyar tafiya ya ajiye hoton jirgin gefe ya ɗauki jadawalin tashoshi, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da fasfon kowane mutum da ke cikin ayarinsa, ya ƙirga sau nawa za a fita daga Shengen a dawo. Wanda ya sayi tikitinsa a Turai yana da wata doka a bayansa: ƙa'idar Tarayyar Turai ta 2015 kan tafiye-tafiyen da ake sayarwa a dunƙule ta wajabta wa mai sayarwa ya ba da bayani kan fasfo da biza da kimanin lokacin da ake ɗauka kafin a same ta, tun kafin a ƙulla ciniki. Yawanci bayanin da suke bugawa na ƴan ƙasarsu ne. A gaya musu fasfon na Nijar ne, a nemi amsa a rubuce daga kamfanin jirgin kansa da kuma ofishin jakadancin kowace ƙasa, sannan a biya kafin alƙalami.