Sayar da Gida Ba Ya Kashe Haya

Wata mummunar al'ada ta samu gindin zama a unguwannin da ke ƙetaren Kogin Kaduna, watau su Kakuri, Makera, Barnawa, Narayi da Sabon Tasha. Sai mai gida ya sayar da gidansa a ɓoye, ɗan haya bai ji ba bai gani ba, sai wata safiya dillali ya zo da baƙon mutum ya ce ga sabon mai gida, kuma ana so a kwashe kaya kafin ƙarshen wata. In ɗan haya ya yi gardama, a cire masa ƙofa ko a yaye kwanon rufi, ko da damina ce.

Dalilin yawan cinikin gidaje a wannan yanki ba ɓoyayye ba ne. Bayan rikicin shekarar 2000 mutane da yawa sun sayar da gidajensu sun ƙaura zuwa ɗaya gefen kogi. Sa'an nan masaƙun Kakuri suka durƙushe, aka rufe KTL a 2002, wanda ya ci wa 'ya'yansa abinci da albashin masaƙa ya koma ba shi da kadara sai gidan. Ba mu ga laifin wanda ya sayar da abinsa ba. Abin da muke ƙi shi ne a mai da ɗan haya kamar tarkacen da aka tarar a tsakar gida.

Ya kamata jama'a su sani cewa a shari'a ciniki ba ya warware haya. Wanda ya sayi gida ya saye shi ne tare da alkawarin da ke kansa. Idan ƙaramin ma'aikaci ya biya kuɗin shekara a watan Janairu, aka sayar da gidan a watan Maris, to sauran watanninsa suna nan daram, kuma ba zai sāke biyan ko kwabo ba. Lissafin kuɗin nan tsakanin mai saye ne da mai sayarwa.

In kuwa sabon mai gida yana bukatar gidansa, akwai hanya. Muddin ba a rubuta wani sharaɗi dabam ba, mai hayar wata-wata ana ba shi notis na wata guda, mai hayar shekara kuwa na wata shida. Wa'adin ya cika, a ƙara masa takardar kwana bakwai, daga nan sai kotu. Alƙali kaɗai ke da ikon ba da umurnin fitar da mutum, ma'aikatan kotu ne kuma ke zartarwa, ba 'yan sanda ko ƙartin unguwa ba. Ko gwamnati ba ta fi ƙarfin wannan ƙa'ida ba: a 1986 Kotun Ƙoli ta tsawata wa Gwamnatin Soja ta Jihar Legas saboda ta fitar da Cif Odumegwu Ojukwu daga wani gida a Ikoyi da ƙarfin tuwo alhali magana tana gaban kotu.

Sai dai fa 'yan haya ma suna da nasu sakaci. Da yawa, har da ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha da ke zaune a Barnawa, suna miƙa kuɗi hannu da hannu ba rasit, wai don kunya. Ranar da gida ya sauya hannu, da me za su kafa hujja? Kuma kada ɗan haya ya ɗauka doka ta tilasta a fara yi masa tayi kafin kowa. Ba ta tilasta ba, ko da yake lokacin da Gwamnatin Tarayya ta fara sayar da gidajenta na Abuja a 2005 ta ba ma'aikatan da ke ciki damar farko, kuma mutumin kirki zai yi koyi da haka.

Mu a namu ra'ayi, gyara yana hannun Gwamnatin Jiha. Tun da Dokar Filaye ta 1978 ta ce ba a sauya mallakar fili mai takarda a birni sai da yardar Gwamna, to hukumar KADGIS ta riƙa neman mai sayarwa ya bayyana 'yan hayan da ke gidan, da ranar da kuɗin kowannensu zai ƙare, da shaidar cewa an sanar da su a rubuce, kafin ta sa hannu. Gidajen da ake cinikinsu a gaban mai unguwa kuwa, a umurci masu unguwanni kada su shaida ciniki sai an kira 'yan haya sun ji da kunnensu.